Minti 13 a Munik, Awa 3 a Balin: Abin da Ya Riƙa Kuɓutar da Hitila

Duk majalisar da aka ɗauko hirar Hitila a Jos, ko a teburin mai shayi a Terminus ko a bencin ƙofar gida a Unguwar Rogo, ba a daɗewa wani zai ce ai mutumin yana da asiri, tunda an sha kai masa hari bai mutu ba. Wani kuma ya ce kwanansa ne bai ƙare ba, a rufe zancen a nan. Maganar kwana babu mai ja da ita. Sai dai komai yana da sababi, kuma sababan nan an san su dalla-dalla, domin 'yan sandan ciki na Gestapo sun yi bincike sun rubuta, waɗanda suka tsira daga cikin masu shirin su ma sun ba da bayani bayan yaƙi. In ka bi hare-haren ɗaya bayan ɗaya, abin da za ka riƙa cin karo da shi agogo ne, da sanyi, da ƙafar tebur, da wayar tarho.

Yaƙin kuma ba baƙonmu ba ne. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan ramukan Filato, aka riƙa kwaso mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas har 1944. Tsawon ran yaƙin nan akwai waɗanda suka biya shi da jikinsu a Bukuru da Barikin Ladi.

Farko a san wa ke da ikon isa gare shi. Tun 1933 Hitila ya rushe jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, shugabanninsu wasu na tsare, wasu sun yi gudun hijira. Farar hular da ya rage musu ƙarfin hali, iyakarsu takarda. An kama Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie ranar 18 ga Fabrairu 1943 suna watsa takardun adawa a jami'ar Munik, ranar 22 aka yi musu shari'a aka sare kansu a yinin, tare da abokinsu Christoph Probst. Bindiga da dakaru da damar shiga ɗakin taro duk suna hannun soja, sojan kuma an ɗaure shi. Ranar 2 ga Agusta 1934, ranar da shugaban ƙasa Hindenburg ya mutu, aka sa soja suka rantse da sunan Allah za su yi wa Adolf Hitila shi kansa biyayya ba sharaɗi. Wasu hafsoshi rantsuwar ta tsaya musu a wuya da gaske, wasu kuma ta zame musu wurin fakewa. Ko ma wanne ne, masu shirin sun gane cewa muddin yana numfashi rundunar ba za ta motsa ba.

Sun taɓa gwada hanyar kama shi da rai. A Agustan 1938 Janar Ludwig Beck ya ajiye muƙaminsa na babban hafsan sojan ƙasa saboda shirin afka wa Cekoslobakiya. Shi da Hans Oster na hukumar leƙen asirin soja da Janar Erwin von Witzleben, mai riƙe da dakarun Balin, suka tsara cewa da zarar an ba da umarnin yaƙi za su mamaye fadar gwamnati. Shirin ya rataya ne a kan Ingila da Faransa su tsaya kai da fata. A ƙarshen Satumba firaministan Ingila Chamberlain da na Faransa Daladier suka je Munik suka sa hannu aka miƙa wa Hitila yankin Sudeten. Babu janar ɗin da zai iya kama mutumin da ya ƙara wa ƙasa faɗi ba tare da an harba harsashi ɗaya ba.

Kafintan Königsbronn

Wanda ya fi kowa kusantar nasara kafin 1944 wani kafinta ne ɗan ƙauye mai suna Georg Elser, kuma shi kaɗai ya yi aikinsa. Ya lura akwai wuri ɗaya da Hitila ba ya fashin zuwa. Kowace shekara ranar 8 ga Nuwamba yana zuwa wani babban zauren mashaya a Munik, Bürgerbräukeller, ya yi wa tsofaffin 'yan jam'iyyarsa jawabi don tunawa da yunƙurin juyin mulkinsa na 1923 da ya ci tura. Elser ya je a 1938 ya ƙare wa zauren kallo, ya ga dandamalin jawabi yana gaban wani ginshiƙi da ke tallafe da bene da rufi, ya ga kuma babu wani tsaron kirki a wurin.

Shekara guda ya yi yana shiri. Ya riƙa ɗibar albarushi kaɗan-kaɗan a masana'antar da yake aiki a Heidenheim, daga baya ya nemi leburanci a wurin fasa dutse a Königsbronn, inda ake ajiye nakiya ba tare da wani lissafi ba. A Agustan 1939 ya tare a Munik. Da yamma sai ya shiga zauren ya sayi abinci mai araha, ya faki ido ya haye bene ya ɓuya a ɗakin tarkace har a kulle ƙofofi. Daga nan ya durƙusa gaban ginshiƙin yana ƙwaƙule bulo da hasken tocilan da ya lulluɓe da ƙyalle, ɓaraguzan kuma ya fitar da su a akwati da rana. Dare sama da talatin yana haka. A nan sana'a ta yi masa rana: ya yanka katakon da ke jikin ginshiƙin ya mai da shi ƙofar da ido ba ya ganewa, ya liƙa kwano ta ciki don kada wurin ya yi amon rami in an ƙwanƙwasa, kuma don kada ƙusa ta huda in masu ado sun zo kafa wani abu. Agogo biyu ya haɗa, ko ɗaya ya tsaya ɗayan ya yi aiki, ya sa su a akwatin da ya shimfiɗe da ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi, don ya haɗiye ƙararsu. Ya saita su ƙarfe 9:20 na dare, tsakiyar lokacin da Hitila ya saba yin jawabi.

Bam ɗin ya tashi a kan minti. Ginshiƙi ya karye, rufi ya rufto kan dandamali, mutum takwas suka mutu, har da wata mai hidimar abinci, sama da sittin suka ji rauni. Hitila kuwa ya bar wurin da minti 13. Yaƙi ya riga ya fara, yana shirin afka wa Faransa, yana son gari ya waye masa a Balin. Ana tsoron hazo zai hana jirgin sama tashi, dole ya bi jirgin ƙasa na 9:31. Don haka ya fara jawabi ƙarfe 8, ya gajarta shi, ya sauka 9:07. Na'urar Elser aibinta guda ne: an saita ta kwanaki kafin ranar, ba yadda za a yi ta san an sauya jadawali.

Tun kafin bam ya tashi masu gadin iyaka suka tsare shi a Konstanz yana ƙoƙarin tsallakawa Suwizalan, a aljihunsa akwai katin hoton zauren da wasu sassan na'ura. Da masu bincike suka gane aikin na mai durƙuso ne, aka duba gwiwoyinsa aka tarar sun kumbura. Gwamnati ta ɗora laifin a kan 'yan leƙen asirin Ingila, don ba ta yarda ɗan ƙauye guda zai iya wannan ba, har sai da aka sa shi ya sake haɗa irin na'urar a tsare. An ajiye shi a sansanin fursunoni na Sachsenhausen, sannan na Dachau, inda aka harbe shi ranar 9 ga Afrilu 1945.

Kwana takwas a Maris 1943

Bayan faɗuwar Faransa a 1940 Hitila ya kai ƙololuwar farin jini, masu shiri suka yi laƙwas. Abin ya sake farfaɗowa a fagen dagar Rasha, a hedikwatar rundunar tsakiya da ke Smolensk, a hannun Kanar Henning von Tresckow, wanda ya san irin kisan kiyashin da ake yi wa Yahudawa da fursunoni a bayan dakarunsu. Ya cika ofishinsa da hafsoshin da ya amince da su, ya yi watanni yana gwajin kayan aiki.

Na'urar tayar da bam ta Jamus tana huci, kunne yana ji. Ta Ingila, wadda Jamusawa suka riƙa ƙwacewa daga kayan da ake kai wa 'yan gwagwarmaya a Turai, shiru take. Siffar fensir gare ta, da 'yar kwalbar asid a ciki. In an matse ta fashe, asid ɗin ya ci wata siririyar waya a hankali, wayar na tsinkewa ƙusa ta doki kan wuta. Rauninta biyu. In an fasa kwalbar ba a tsayar da ita sai dai a zare fensirin ɗungurungum, sannan minti goma ko talatin da aka ƙayyade mata ƙiyasi ne, zafi na gaggauta ta, sanyi na jinkirta ta. Duk hare-haren bam na hafsoshi da suka kai ga an fasa kwalba, daga nan har harin 20 ga Yuli 1944, a kan wannan fensir suka dogara.

Ranar 13 ga Maris Hitila ya ziyarci Smolensk. An so a harbe shi a wurin cin abinci, kwamandan rundunar, Fil Mashal Kluge, ya hana. Sai Tresckow ya roƙi wani hafsa cikin tawagar, Laftanar Kanar Heinz Brandt, ya taimaka ya kai wa Kanar Stieff wani ƙunshi a hedikwata, wai kwalaben barasar Cointreau ne guda biyu. A filin jirgi mataimakinsa Fabian von Schlabrendorff ya matse fensir mai minti talatin ya miƙa. Lissafinsu jirgin zai tarwatse a wajejen Minsk, a ce haɗari ne. Bayan awa biyu aka sanar ya sauka lafiya a Rastenburg, inda hedikwatar Hitila take. Yanzu matsala ta zama biyu, domin Stieff bai san komai ba, zai iya buɗe ƙunshin a gaban mutane. Tresckow ya buga wa Brandt waya ya ce an yi musayar kaya, washegari Schlabrendorff ya bi jirgi ya karɓo shi ya ba da kwalaben gaske. Da ya keɓe ya buɗe, ya tarar kwalba ta fashe, waya ta tsinke, ƙusa ta doka, nakiyar ce ba ta kama ba. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne tsananin sanyin ma'ajiyar kayan jirgin a sararin samaniyar Rasha. Duk wanda ya taɓa fama da babur da asubahin Disamba a Jos ya san yadda sanyi ke hana abu mai lafiya lau kamawa.

Bayan kwana takwas, ranar 21 ga Maris, aka yi bikin tunawa da mazan jiya a Balin, da baje kolin makaman da aka ƙwato daga Rasha a gidan kayan tarihi na Zeughaus. Kanar Rudolf von Gersdorff ne zai zagaya da Hitila, ya yarda ya mutu tare da shi, da bam a aljihun kwat. Fensir mafi gajeren lokaci da aka samu na minti goma ne, jadawali kuma ya ba da kusan rabin awa. Hitila na shigowa Gersdorff ya matse fensirin. Sai Hitila ya ratsa zauren da sauri bai tsaya duba komai ba, cikin 'yan mintoci ya fice. Gersdorff ya ruga makewayi ya zare fensirin.

Sauran a taƙaice. Kyaftin Axel von dem Bussche, wanda ya ga ana harbe Yahudawa a Dubno a 1942, ya yarda ya tayar da bam a jikinsa yayin nuna wa Hitila sababbin kayan sanyin soja a ƙarshen 1943. Jiragen ƙawance suka ƙone taragon da ke ɗauke da kayan, aka ɗage taron, ya koma fagen daga ya rasa ƙafa. Eberhard von Breitenbuch ya isa ƙofar ɗakin taro a Berghof, gidan Hitila na kan tsauni, ranar 11 ga Maris 1944 da ƙaramar bindiga a aljihu, dogarin SS, rundunar tsaro ta jam'iyyar Nazi, ya ce yau mataimaka ba sa shiga. A tsakanin nan kuma Gestapo ta kama Hans von Dohnanyi da Fasto Dietrich Bonhoeffer a Afrilun 1943, aka cire Oster daga aiki, cibiyar shirin da ke hukumar leƙen asiri ta rushe.

Mutum ɗaya, aiki biyu

Kashe shi rabin aiki ne, domin ga Himmler shugaban SS, ga Göring shugaban sojan sama, ga Goebbels ministan farfaganda. Dabarar da suka samo tana da kyau ƙwarai. Akwai wani shiri na hukuma mai suna Walküre, wanda Hitila da kansa ya amince da shi, na fito da rundunar cikin gida in tarzoma ta ɓarke, misali in miliyoyin baƙin da ake sa wa aikin tilas suka yi bore. Janar Friedrich Olbricht da Tresckow da Claus von Stauffenberg suka yi masa kwaskwarima a 1943. Sanarwar da suka tanada ta ce Hitila ya mutu, wasu 'yan jam'iyya marasa imani suna son ƙwace mulki, don haka soja ya karɓi ragama. Ta haka dubban sojoji za su yi juyin mulki suna zaton kare gwamnati suke yi. Har safar hannu aka riƙa sawa wajen buga takardun don kada a bar zanen yatsa.

Amma dubi inda ya rataya. Ƙaryar tana aiki ne kawai in Hitila ya mutu da gaske, ko in babu mai iya tabbatar da yana raye. Mai ikon ba da umarnin kuma Janar Friedrich Fromm ne, wanda ya san ana ƙulla wani abu, bai tona ba, bai kuma shiga ba. Uwa-uba, daga 1 ga Yuli 1944, da Stauffenberg ya zama babban hafsan ofishin Fromm, shi ne mai damar shiga taron Hitila kuma mai niyyar kai bam ɗin, shi ne kuma wanda Balin ba ta motsi sai da shi. Mutumin da jirgin yaƙi ya yi wa ruwan wuta a Tunisiya a Afrilun 1943, ya rasa idon hagu da hannun dama da yatsu biyu na hagu. Shi zai ɗana bam a gabashin Prussia, ya fita da rai, ya yi tafiyar fiye da kilomita 500, sannan ya jagoranci juyin mulki.

Ranar 11 ga Yuli ya je da bam ya fasa saboda Himmler ba ya nan. Ranar 15 ya sake zuwa, a Balin aka riga aka tayar da dakaru, harin bai yiwu ba, Olbricht ya ce atisaye ne. Wannan ƙarya sau ɗaya take ciwuwa, kuma ita ta ɗaure hannunsu bayan kwana biyar.

Ranar 20 ga Yuli ya sauka a hedikwatar Hitila ta Wolfsschanze kusa da Rastenburg tare da mataimakinsa Werner von Haeften, da dunƙulen nakiya biyu, kowanne kusan kilo ɗaya. Aka ce an dawo da taro ƙarfe 12:30 saboda Musolini na zuwa da rana. Ya nemi ɗakin da zai sauya riga, ana zafi. Da yatsu uku da filayar da aka lanƙwasa masa musamman ya shirya dunƙule na farko. Suna cikin haka wani saje ya turo ƙofa ya ce ana jira. Dunƙule ɗaya ya shiga jaka, na biyun ya zauna wurin Haeften, wanda daga baya ya jefar da shi daga mota. Masanan da suka duba al'amarin sun ce da an cusa shi a jakar ko ba a ɗana shi ba, da babu wanda zai fita daga ɗakin da rai. Ni a ganina duk cikin labarin babu wurin da ya kai wannan ciwo.

Ana yawan cewa a ranar aka sauya wurin taro daga ginin kankare zuwa wani ɗaki mara ƙarfi. A wannan ɗakin aka yi taron ranar 15 ma. Abin da yake gaskiya shi ne ginin ba mai kauri ba ne, tagogi a buɗe suke, ƙarfin fashewar ya sami hanyar fita. Stauffenberg ya nemi a tsayar da shi kusa da Hitila saboda raunin ji, ya ajiye jaka ƙarƙashin teburin taswira, wani shirgegen tebur mai kaurin katako, ya fita da sunan amsa waya. Bisa shaidar waɗanda suka tsira, wani hafsa ya ji jakar ta tokare masa ƙafa ya matsar da ita bayan katakon da ke tallafe da teburin. Hafsan nan Heinz Brandt ne, mai ɗaukar kwalaben bara. Ƙarfe 12:42 bam ya tashi. Cikin mutum 24 huɗu suka mutu: akawu Heinrich Berger, da Brandt, da Janar Korten, da Janar Schmundt. Hitila ya fito da fasasshen dodon kunne, da ƙuna, da yagaggen wando. Da rana ya tari Musolini a tashar jirgin ƙasa ya zagaya da shi ɗakin.

Inda aka yi asarar gaske

Stauffenberg ya ga hayaƙi da wuta, ya tabbata a ransa aiki ya yi. Ya wuce shingayen tsaro da ƙarfin baki, wajen ƙarfe 1:15 jirginsa ya tashi. Daga nan har kusan ƙarfe 4 yana sama, ba ya jin kowa ba mai jin sa. Janar Erich Fellgiebel, shugaban sadarwar soja kuma ɗan cikin shiri, ya ga Hitila yana tafiya da ƙafarsa, ya aika Balin da saƙo a dunƙule cewa wani mummunan abu ya faru, shugaba yana raye. Ya toshe layukan da zai iya, amma SS na da nasu layukan, kuma ba da daɗewa ba aka buɗe komai. A hedikwatar rundunar cikin gida da ke titin Bendler a Balin, Olbricht da abokansa suka rasa abin yi. Sun tuna ranar 15, suka zaɓi jira. Awa uku suka tafi a haka, su ne kuma awannin da ita kanta hedikwatar Hitila ba ta gama gane wa ya yi abin ba.

Wajen ƙarfe 4 aka fara sakin umarni. Fromm ya ɗaga waya ya kira Fil Mashal Keitel, babban hafsan hafsoshin da ke tare da Hitila, Keitel ya ce Hitila lafiyarsa ƙalau, ina Stauffenberg? Fromm ya ƙi sa hannu, aka kulle shi a ɗaki. Saƙonnin da za a aika wa yankunan soja kimanin 20 an sa musu tambarin babban sirri, wanda ya tilasta a buga su ta injin sirri ɗaya bayan ɗaya, ga masu bugawa kaɗan, aikin ya ci sa'o'i. Wasu kwamandoji sun sami umarnin soke juyin mulki daga Keitel kafin umarnin juyin ya iso musu. Sojojin da aka tura sun shiga gidan rediyon Balin, amma babu masanin na'ura tare da su da zai kashe tashar, wajen 6:30 rediyo ya sanar cewa shugaba ya tsira. Wayar gidan Goebbels ma ba a yanke ba. Manjo Otto Remer, kwamandan bataliyar da ta kewaye unguwar ma'aikatu, cikakken ɗan Nazi ne da ke bin umarni a makance. Da ya shiga wurin Goebbels, sai Goebbels ya haɗa shi da Hitila ta waya. Ya ji muryar da ya sani, aka ɗaga shi zuwa kanar, ya juya bataliyar kan masu juyin.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 Dimka ya kashe Janar Murtala a Legas, ya yi magana a rediyo, kafin dare komai ya watse domin runduna ba ta bi shi ba. A Afrilun 1990 su Orkar sun riƙe rediyo na sa'o'i, shugaban ya kuɓuce musu daga barikin Dodan. Ba mutanen nake kwatantawa ba, Murtala ina Hitila ina; yadda juyin mulki ke tsayawa ko ya faɗi nake nufi. Masu 20 ga Yuli ba su sami shugaban ba, ba su riƙe rediyo ba, ba su yanke waya ba.

Faris ce ta nuna abin da zai iya yiwuwa. Janar Carl-Heinrich von Stülpnagel ya sa aka kama 'yan SS da Gestapo kimanin 1,200 a daren ba tare da wata turjiya ba. Amma Kluge, wanda a lokacin shi ne babban kwamandan yamma, da ya ji Hitila na raye ya janye jiki, kafin asuba aka sake su. A Balin Witzleben ya iso da dare, ya ga yadda abubuwa suka dagule, ya yi faɗa ya koma gida. Wajen ƙarfe 11 wasu hafsoshin ginin suka ɗauko makamai suka fito da Fromm. Shi kuma, don ya rufe bakin waɗanda suka san ya sani, ya yanke hukunci nan take. Bayan sha biyun dare aka harbe Stauffenberg da Olbricht da Haeften da Kanar Mertz von Quirnheim a farfajiya da hasken fitilun mota. Beck ya harbi kansa sau biyu bai mutu ba, wani saje ya ƙarasa shi. Wajen ƙarfe 1 Hitila ya yi magana a rediyo. Wayon Fromm bai fisshe shi ba, an harbe shi a Maris 1945.

Tresckow ya kashe kansa da gurneti a fagen daga ranar 21 ga Yuli. Ranakun 7 da 8 ga Agusta aka gurfanar da rukunin farko gaban babban alƙalin Nazi Roland Freisler, aka hana Witzleben bel, yana tsaye riƙe da wando ana ta yi masa tsawa, aka rataye su a kurkukun Plötzensee. Kimanin mutum 200 aka kashe kan wannan shiri, an kama dubbai. An tsare mata da dangi, aka kwashe yara zuwa Bad Sachsa aka sauya musu suna. Fil Mashal Rommel, shahararren kwamandan da aka zarga da sanin shirin, an ba shi zaɓi tsakanin guba da kotu ranar 14 ga Oktoba. Schlabrendorff ya tsira domin bam ɗin jiragen Amurka ya kashe Freisler a kotu ranar 3 ga Fabrairu 1945, daga baya ya zama alƙali a kotun tsarin mulkin Jamus ta Yamma.

Kada a mai da su waliyyai. Da yawansu sun yi maraba da Hitila a farko, sun yi masa yaƙi shekaru. Cikin masu hannu a shirin akwai Helldorff, shugaban 'yan sandan Balin kuma daɗaɗɗen ɗan Nazi, da Arthur Nebe, wanda ya jagoranci ɗaya daga rundunonin kisan Yahudawa a Rasha a 1941. Sun kuma makara: tsakanin Mayu da Yulin 1944 kaɗai an kwashe Yahudawan Hungary sama da 430,000, akasarinsu zuwa sansanin kisa na Auschwitz. Ƙasashen ƙawance tun a Kasabulanka a Janairun 1943 suka ce ba sulhu sai miƙa wuya ba sharaɗi, don haka ko an yi nasara babu wani tayi da ke jiran su. Tresckow ya san haka. Saƙonsa ga Stauffenberg bayan saukar dakarun ƙawance a Normandy shi ne a yi ko ta halin ƙaƙa, don duniya ta shaida an gwada. Duk da haka wata tara da suka biyo baya suna cikin mafi muni a yaƙin, ga Jamusawa da waɗanda ke tsare a sansanoninsu.

Bayan yaƙi ma Jamusawa da yawa maciya amana suke kiran su. Remer ya shiga siyasa yana faɗin haka a bainar jama'a, har mai gabatar da ƙara Fritz Bauer ya kai shi kotu a Braunschweig a Maris 1952. Kotu ta wanke masu 20 ga Yuli daga zargin cin amanar ƙasa, ta yanke masa wata uku, ya tsere waje bai yi zaman ba. A tsufansa an sake yanke masa hukunci kan musanta kisan Yahudawa, ya gudu Sifaniya, can ya mutu a 1997.